Tiyar dawar da ya bari

Mama, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Shekarata 38, daga wani ƙauye nake a yankin Wasagu, amma yanzu muna Zuru, a ɗaki ɗaya da ƙanin mijina ya ba mu. Damina biyu ke nan da 'yan bindiga suka tarar da mijina a gona suka tafi da shi tare da wasu. Muka sayar da shanun huɗa muka kai kuɗi. Waɗanda suka dawo suka ce ya rasu a daji, su ma ba za su iya nuna wurin ba. Ba gawa, ba kabari. Yara huɗu ya bar mini.

Ranar Ista da ta wuce ana waƙar tashin Yesu, mata suna guɗa, ni kuwa na fita na zauna bayan majami'a ina kuka. Wata uwa daga zumuntar mata ta biyo ni ta ce kukan ya isa haka, mai bi ba ya baƙin ciki kamar marasa bege. Tun ranar ban koma sujada ba. Mama, na yarda Yesu ya tashi, tun ina ƙarama nake faɗa. Amma me wannan zai yi mini ranar Litinin da safe, in babu garin tuwo, ga yaro an koro shi daga makaranta? Kuma wanda ba a binne ba, wanda wataƙila namun daji suka ci, ta yaya zai tashi? Babban ɗana, shekararsa 16, ya ce zai shiga 'yan sa-kai. Ƙanin mijina ya samo mini aron gona kusa da gari, ga damina ta ƙarato. Ina da tiya ɗaya ta irin dawa da mijina ya zaɓa da hannunsa, da ita na gudo. Na kasa shukawa, na kasa ci, ita kaɗai ta rage mini. Wani lokaci nakan ce da ma in kwanta kada in farka.

'Yarki a Zuru

'Yata, sannu. Ya muka ji da haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran nan.

Da maganarki ta ƙarshe zan fara, don sauran duk za su iya jira, ita ba za ta iya ba. Wannan tunanin na kwanciya kada a farka, kada ki sake kwana da shi ke kaɗai. Yau ɗin nan ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi, matar ƙanin mijinki ko matar fasto, da kalmomin da kika rubuto mini, kada ki sassauta su. A cikin makon nan kuma ki je babban asibiti a gwada jininki, ki gaya wa likita yadda barcinki yake da yadda cin abincinki yake, ki gaya masa wannan tunanin ma. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ana jinyarsa ana samun sauƙi, kuma zuwa asibiti dominsa ba gazawar bangaskiya ba ce. In akwai maganin feshi ko na ƙwari a ɗakinki, ki ba ƙanin mijinki ya ajiye a wurinsa. Annabi Iliya ma ya taɓa zama a gindin itace cikin jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ki duba 1 Sarakuna sura 19 ki ga abin da aka yi masa. Ba a yi masa faɗa ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi gurasa da ruwa, ya koma ya kwanta, aka sake tashe shi ya ci. Sai daga baya aka yi magana.

Uwar nan da ta bi ki bayan majami'a, ina jin da kyakkyawar niyya ta je, amma ta yi kuskure, kuma ayar da ta jefe ki da ita ba haka ta ce ba. Tana cikin 1 Tasalonikawa 4:13. Manzo Bulus bai hana kowa baƙin ciki ba, irin baƙin cikin ya bambanta: na wanda yake jiran wani abu, da na wanda ba ya jiran komai. Duka biyun hawaye suke zubarwa. Da aka jejjefe Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi, kuma an rubuta cewa sun yi masa makoki mai yawa. Yesu da kansa ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru a Betanya, ya san sarai cewa kafin a jima zai kira shi ya fito, duk da haka ya yi kuka har mutanen wurin suka ce, dubi yadda yake ƙaunarsa. To wa zai hana ki? Muna da wani hali a ikilisiyoyinmu, in hawayen mutum suka dame mu sai mu toshe masa baki da aya, mu tafi muna jin mun yi ta'aziyya. Ni kaina na yi wa wasu haka ina matashiya, sai da nawa maigidan ya rasu na san abin da na aikata. Jinya ya yi, a hannuna ya cika, na san kabarinsa, amma Ista uku ta wuce kafin bakina ya iya waƙar tashi. Jiki magayi.

Akwai kuma abin da ya sa kukanki ya ƙi tsayawa, wanda mai kabarin da zai ziyarta ba zai gane ba. Ba a yi jana'iza ba, ba a yi zaman makoki yadda aka saba ba, gudu kuka yi. Baƙin cikin ya rasa inda zai sauka. Ki je wurin fasto ki roƙi a sa rana a yi sujadar tunawa da mijinki. Ba sai da gawa ake yin ta ba. A kira sunansa a gaban jama'a, danginsa su zo, waɗanda suka san shi su faɗi halinsa yara suna ji, a rera waƙar da yake so, ki yi kuka a cikin majami'a a kan benci, ba a bayanta ba. Na san akwai ƙaramar murya a zuciyarki da ke cewa in an yi haka kamar an yanke ƙauna ne, wataƙila yana raye. Waɗanda suka gani da idonsu sun faɗa miki. Yin sujadar ba zai rufe wa Allah wata ƙofa ba.

Yanzu tambayarki a kan wanda ba a binne ba. Ki kwantar da hankalinki a nan, wannan ita ce mafi sauƙin amsawa. Musa, bawan Allah, Maimaitawar Shari'a 34 ta ce ba wanda ya san kabarinsa. A nan jiharmu ta Kebbi, a watan Mayu na 2021, jirgin ruwa ya nutse a kogin Kwara wajen Warra, akwai iyalan da har yau ba su ga nasu ba, kuma Wahayi 20:13 ta ambaci irinsu da gangan, ta ce teku za ta ba da matattun da ke cikinta. A shekara ta 177, a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta yau, an kashe masu bi, aka ƙone gawawwakinsu, aka share tokar aka zuba a kogi, musamman don a ga ta inda tashin da suke fata zai fito. Waɗanda suka tsira sun rubuta labarin suka aika wa 'yan'uwansu, begensu bai girgiza ba. Ki kuma tuna, wanda aka sa a akwati mai tsada aka yi masa siminti, shekara nawa ƙasarmu da gararta suke ba shi? Shi da mijinki ƙura ɗaya ce. Wanda ya gina Adamu daga ƙasa ba zai tsaya neman kwatance ba.

Bulus ya san wasu a Koranti za su yi wannan tambayar taki, ya rubuta ta kusan kalma da kalma: ta yaya ake ta da matattu, da wane irin jiki za su zo? Tana nan a 1 Korantiyawa 15:35. Amsar manomi ya ba su. Ya ce abin da kake shukawa ƙwaya ce tsirara, ba jikin da zai fito ba, kuma ba ta rayuwa sai ta mutu. Ke kin fi ni sanin wannan. Ki tona gindin dawa a watan Agusta ki nemi ƙwayar da aka jefa, ba za ki same ta ba, ta ruɓe ta bi ƙasa. Ga kuma kara ya fi ki tsawo, kuma in kaura aka shuka kaura ce ta fito, ba ta zama farafara ba. Shi ne dai, amma ba kamar yadda aka sa shi ba. Yadda abin zai gudana dalla-dalla Bulus bai faɗa ba, ni ma ba zan ƙirƙiro miki ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun gaskata da tashin alƙiyama, shi ya sa in sun zo gaisuwa kike jin maganarsu ta shiga. Abin da muka ƙara a kai shi ne mun ce akwai wanda ya riga ya tashi, Bulus ya kira shi nunan fari. Kin san ranar da ake karyo tumu na farko a gasa wa yara. Rumbu wayam yake a ranar, yunwa ba ta tafi ba, amma duk wanda ya ɗanɗana ya san gonar ta yi.

Sai maganar Litinin da safe, wadda ita ce ainihin wasiƙarki. Ba zan yaudare ki ba, tashin Yesu ba ya zuba gari a ƙwarya da dare. Amma ki lura da kalmar da muke furtawa a shaidar bangaskiya: tashin jiki muke cewa. Ba mu ce ruhu zai sulale ya bar wannan wahalalliyar duniya ta ƙone can ba. Jiki, mai jin yunwa, mai ciwon baya, mai kanta a tafin hannu. In Allah yana nufin ta da jiki, to cikin da ke kukan yunwa a ɗakinki ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ki bi labaran ki ga yawan abincin da ke cikinsu, abin har yana ba ni dariya. Yesu ya ta da 'yar Yayirus, yarinya 'yar shekara 12, iyaye sun daskare don mamaki, shi kuwa ya ce a ba ta abinci. Ranar da ya tashi ya shiga wurin almajirai suna rawar jiki sun ɗauka fatalwa ce, ya tambaye su ko akwai abin ci, suka miƙa masa gasasshen kifi ya ci a gabansu. A bakin tekun Tibariya, mutane bakwai sun kwana suna su ba su kama ko ɗaya ba, gari ya waye suka tarar ya hura gawayi, ga kifi a kai ga gurasa, ya ce su zo su karya kumallo. Mutumin da ya ci nasara a kan mutuwa, ga shi tsugune yana fifita wuta. Tabon ƙusoshin ma bai goge ba, da shi ya tashi, ya nuna wa Toma. Saboda haka ban yarda da wanda zai ce miki ki manta ba.

Surar nan ta 15 ta 1 Korantiyawa ayoyi 58 gare ta, ita ce mafi tsawon bayani a kan tashin matattu a duk wasiƙun Bulus. Da me ya rufe ta? Bai ce ku naɗe hannu ku jira ƙaho ba. Ya ce ku tsaya daram, ku yi ta aikin Ubangiji, wahalarku ba a banza take ba. Maganar da ke biye kuwa, farkon sura 16, ta tara gudummawa ce: kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako domin matalautan masu bi na Urushalima. Lambobin surori sai bayan fiye da shekara 1000 aka sa su. Shi da yake shibtar wasiƙar, daga "mutuwa ina nasararki" ya zarce zuwa kwanon baiko ba tare da ya sha ruwa ba. Wato amsar tambayarki ta Litinin, rabinta ba a wuyanki take ba, a wuyan waɗanda suka yi guɗa ranar Lahadi take. Da uwar nan ta biyo ki da mudun masara ta zauna kusa da ke ta yi shiru, da ta fi yin wa'azin Ista.

Don haka ki koma, ko da a bencin baya za ki zauna bakinki a rufe. Ki sami dattawan ikilisiya ki faɗa musu buƙatarki ƙarara: ga kuɗin makarantar da ake bi, ga gonar aro tana son huɗa, ina roƙon matasa su yi mini gayya. Kada ki tsaya ga "a sa mu a addu'a", don za a sa ku ɗin a wuce. Wannan ba bara ba ce. Kwamiti na farko da ikilisiya ta taɓa naɗawa, mutum bakwai a Ayyukan Manzanni sura 6, saboda gwauraye aka naɗa shi, don an yi gunaguni ana tsallake wasu wajen rabon abinci. Na san ikilisiyoyin Zuru sun cika da irinki, daga Danko, daga Wasagu, daga Sakaba, kuma asusun ba ya isa. Duk da haka wanda ya yi shiru shi ake fara mantawa.

Gonarku ta gida kuma, kada ki taka can yanzu, ko wa ya ce hanya ta yi sauƙi. Begen tashi bai sa Bulus ya tsaya a kashe shi a Dimashƙu ba, cikin kwando aka zuraro shi ta katanga da dare. Amma kada ki sallama ta. Annabi Irmiya yana tsare, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, ɗan baffansa ya zo masa da tallar gona a Anatot, wurin da ba mai iya zuwa. Ya saya, shekel 17 na azurfa, ya sa shaidu suka sa hannu, ya ce a zuba takardun a tulun yumɓu don su daɗe, gama za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Birnin ya faɗi, shi bai more gonar ba. Ke ma ki yi naki tulun. Dagacinku da dattawan ƙauyenku da yawa suna gudun hijira kamar ke, ana samunsu. Tun suna raye, ki tafi da ƙanin mijinki a rubuta iyakokin gonakin mijinki, da wa da wa ya yi iyaka, a sa hannu, ki ɗauki hoton takardar a waya, ki ba fasto kwafi. Na ga marayun da aka cinye wa gado don uwarsu ta ji nauyin yin maganar ƙasa tana cikin makoki. Gonar aron ma a faɗa gaban shaidu damina nawa ce, da abin da za a ba mai ita in an yi girbi.

Ɗanki. Ba zan zagi 'yan sa-kai ba, akwai ƙauyukan da ba don su ba da babu kowa a ciki. Amma a watan Maris na 2022 an yi musu kwanton ɓauna a yankin Sakaba, sama da 60 suka kwanta a rana ɗaya, magidanta waɗanda suka san daji. Ɗan shekara 16 da zuciyarsa ke tafasa fa? Kada ki ce masa ya yafe ya manta, zai daina sauraronki. Ki gaya masa fushinsa yana kan hanya, an zalunce shi. Sannan ki gaya masa abin da Bulus ya faɗa a Atina: Allah ya tsai da ranar da zai yi wa duniya shari'ar gaskiya, tabbacin da ya bayar kuwa shi ne ta da Yesu daga matattu. Tashin ba na masu kirki kaɗai ba ne. Waɗanda suka tafi da ubansa za su tsaya su ba da amsa, ko sun mutu a gadonsu da tsufa. Magana kaɗai ba za ta riƙe shi ba, yaro irin wannan sai an ɗora masa kaya mai nauyi. Ki ce masa gonar nan tasa ce, shi zai tsaya a kan gayya, shi zai yi sara ke kina bi kina jefa iri. Kawunsa ko baffansa ya zauna da shi, irin zaman maza.

To, tiyar dawa. Na gane dalilin da ya sa kika kasa. Shi ya bi gona yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu cika, hannunsa na kanta. Amma 'yata, iri ba ya jira. Damina biyu ta riga ta wuce, kowace shekara ƙarfinsa raguwa yake, ƙwari kuma ba su san ta marigayi ba ce. In kika ƙara shekara biyu, dussa za ki buɗe ki tarar. Ba don ajiya ya zaɓe ta ba.

Ga yadda za ki yi. Ki ɗebi cikin tafin hannu ɗaya ki ƙulle a ƙyalle ki adana, wannan taki ce, ba mai tambayarki. Daga sauran ki ƙirga ƙwaya 20, ba zaɓe, yadda hannu ya ɗebo. Ki jera su a tsumma mai laima, ki naɗe, ki ajiye a inuwa, kina yayyafa ruwa kada ya bushe, kada kuma ya yi jagab. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ki buɗe ki ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 16, irin lafiya lau, ki jira ruwa ya zauna sosai ki shuka yadda kuka saba, kada ki yi gaggawar bin ruwan fari da tiyar da ba ki da madadinta. In wajen rabi ne, ki ƙara yawan ƙwaya a kowane rami. In ƙalilan ne, ki ware kunya biyu ko uku a wuri mai taki ki zuba shi duka a can don ki fitar da sabon iri na baɗi, sauran gonar ki nemi iri a wurin maƙwabta.

In kuma ko ɗaya bai tsiro ba, kada ki ce alama ce daga sama. Tsohon iri ne da ya sha zafin ɗaki, ba wani abu ba. Ki tambayi ƙanin mijinki ko ya san an taɓa sa masa magani, ki duba launinsa da warinsa. In da shakka ko kaɗan, kada kowa ya ci, kaji ma kada a ba su. In kin tabbata babu, ki surfa ki niƙa ki dama kunu ranar sujadar tunawa, ki gaya wa yaran wanda ya noma shi.

Ki bar ƙaramin cikinsu ya riƙa yayyafa ruwan. In kun buɗe tsumman, ki rubuto mini nawa kuka ƙirga, ki kuma faɗa mini abin da likita ya ce.

Mama